Yadda na kashe wutar VSC bayan canjin rak

Bayan bakanike ya canza min rak ɗin sitiyari (ƙarfen nan mai haƙora da ke juya tayoyin gaba) a Camry ɗina sai wutar VSC (tsarin da ke hana mota zamewa) ta kama a dashbod, wani lokacin ma motar ta ɗan danne birki da kanta, wallahi na tsorata don ina ɗauke da yara. Na cire kan batir na mayar, wutar tana nan. Ashe wajen haɗawa an goce da haƙori ɗaya, sitiyarin ya karkace, sansa (na'urar da ke auna juyin sitiyari) na ganin kwana nake sha alhali a miƙe nake tafiya. Muka kwance muka dawo da shi tsakiya, akai alaimen (daidaita tayoyi), sannan aka jona kwamfuta a waje mai lebur aka mayar da sansan sifili. Nan take wutar ta mutu.