Yadda za ka hana Afolo zagaye gidanka idan mutum ɗaya ya kamu

Da Afolo ya shigo gari sai ka ga kowa da baƙin gilashi, mai shayi da gilashi, ɗan keke napep da gilashi, mutane kuma na ta kauda kai wai kar su haɗa ido da mai ciwon. To jama'a kallo ba ya sa ma mutum Afolo. Ko wuni ka yi kana zura ma mai shi ido ba abin da zai tsallako. Hannu ne ke ɗaukar shi. Ya murza idonshi, kun gaisa a ƙofar masallaci, kai kuma ka sosa naka, shikenan gobe ko jibi ka tashi ido ya yi jawur kamar gauta.

Kuma yana da saurin kamu sosai. Irin wanda muke ce ma Afolo ƙwayar cutar bairos ce ke kawo shi, a Ghana aka fara ganin ɓarkewarshi a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata. Daga ɗauka zuwa bayyana kwana 1 ne zuwa 2, yawanci kuma ya warke da kanshi cikin sati guda. Akwai wani bairos ɗin mai taurin kai, shi mutum kan iya kai sati 2 yana rarraba shi, kuma yana iya yin makonni a jikin marfin ƙofa ko waya bai mutu ba.

Na farko, duba wane iri ne. Idan ruwa-ruwa ne ke zuba, ido na yi kamar an zuba yashi, ya fara da ɗaya ya koma ɗayan, ga shi ana yi a unguwa, to bairos ne. Idan kwantsa ce mai kauri, rawaya ko kore-kore, da safe ido ya manne sai an jiƙa, wannan ya fi kama da bakteriya, shi ma ana ɗauka. Wanda ba a ɗauka shi ne na ƙaiƙayi zalla da ƙurar hunturu ko hayaƙi ke tayarwa, ido biyu lokaci guda, sau da yawa da atishawa. In ka kasa bambancewa ka ɗauka mai yaɗuwa ne kawai.

Na biyu, a ware mishi kayanshi tun ranar. Tawul, matashin kai, zanen gado, hankici, soson wanka, gilashi. Mata kuma ɗankwali da hijabi da mayafi, don mun san halinmu, da bakin mayafi ake share ido, anjima a share ma yaro fuska da shi. Sallaya ma kowa ya riƙe tashi tunda fuska ake kaiwa. Sai babban mai laifi, kwalli. Tsinke ɗaya uwa ta sa, ɗiya ta sa, a zizara ma jariri, maƙwabciya ta leƙo ita ma ta ce a san mata. Wanda aka yi amfani da shi cikin ciwon a zubar da shi gaba ɗaya, nawa kwallin yake? Haka jagira da duk wani kayan kwalliyar ido, har na masu yi ma amare kwalliya da burushi ɗaya ke zagaye fuska goma ranar biki. Kayan sawa da na shimfiɗa a wanke da ruwan zafi da omo a shanya a rana, rana dai Alhamdulillahi ba mu rasa ta ba a Katsina.

Na uku shi ne hannu, kuma a nan aikin yake. Sabulu da ruwa, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20, kafin taɓa ido da bayan taɓawa. Sanitaiza ta fi babu, amma sabulu ya fi ta a kan irin waɗannan ƙwayoyin. Wani zai ce ai ina alwala sau biyar, eh, amma ka tuna butar da ka ɗauka wani mai ciwon ya riƙe ta yanzun nan, kuma da hannun za ka kai ruwa fuska. Ka fara wanke hannu da sabulu tukuna, mai ciwon kuma a ba shi butarshi daban. Gaisuwa a ɗaga hannu ko a dafa ƙirji, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri na sati ɗaya ne. Waya, rimot, marfin ƙofa, kan famfo, a riƙa gogewa, masu tauri da ruwan da aka ɗiga ma Hypo, wayar kuma a daina miƙa ma yara su yi gem.

Na huɗu, goge idon. A tafasa ruwa a bari ya huce, a tsoma auduga mai tsabta a share daga gefen hanci zuwa waje, shara ɗaya a jefar, kowane ido da audugarshi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora bisa ido a rufe yana rage raɗaɗi. Gilashin nan yana taimakawa da hasken rana, yana kuma hana yawan kai hannu, iyakar amfaninshi kenan.

Na biyar, yaro ya zauna gida, boko da Islamiyya da makarantar allo duka, har ido ya daina zubar da ruwa. In na bakteriya ne kuma an fara ɗiga maganin da likita ya rubuta, bayan awa 24 yaɗuwar na raguwa sosai. Na bairos kuwa kuloramfenikol ɗin da ake saye a kemis ba ya kashe shi, don haka kar a ce an ɗiga jiya yau sai makaranta. In za a ɗiga magani kowa da kwalbarshi, kuma kar bakin kwalbar ya taɓa ido, in ba haka ba maganin da kanshi ne zai zagaya da cutar.

Yanzu ga abin da ya fi Afolon kanshi makantar da mutane. Fitsari, ruwan nono, ruwan suga, ruwan albasa, ruwan batir, duk ana zubawa a ido wallahi. Ciwon da zai tafi da kanshi cikin sati sai a ce ai abin da aka zuba ne ya yi aiki, wanda idonshi ya lalace kuma ba mai ba da labarinshi. Fitsarin mai ciwon sanyi in ya shiga ido yana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki ƙalilan. Sai maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Betamethasone a jikin kwalin, yana kwantar da jan nan da nan shi ya sa ake son shi, amma in akwai gyambo a baƙin ido ƙara shi yake, in aka daɗe ana sawa kuma ga hawan jinin ido ga yana. Likitan ido kaɗai ke da ikon cewa a sa shi.

A tafi asibiti ba jira idan akwai zafi mai tsanani, ko gani ya dushe kuma goge kwantsar bai gyara ba, ko ba a iya kallon haske ko kaɗan, ko an ga farin ɗigo a baƙin ido, ko kwantsa na kwarara ana sharewa tana dawowa, ko an wuce sati abin sai gaba yake. Yaro mai jan ido da zazzaɓi da ƙuraje a duba shi kar ƙyanda ce. Cikin Katsina akwai asibitin ido ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya, mutanen Daura su fara da babban asibitin garin. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba kuwa, in idonshi ya kumbura yana fitar da kwantsa, ranar za a kai shi, ko da suna ake yi, kuma kar a bari kaka ta matsa mishi nono a ciki kafin a fita.