Yadda ɗalibin tuƙin jirgin yaƙi a Amurka zai tsara hutunsa

A rundunar sojin saman Amurka, kowane soja yana tara hutun kwana biyu da rabi a wata, wato kwana 30 a shekara. Amma ɗalibin da ke koyon tuƙi a sansani irin Laughlin, Vance ko Columbus ba ya cin hutun nan lokacin da ya ga dama. Darussan jirgin horo na T-6 a jere suke, kuma wanda ya daɗe bai tashi ba hannunsa yakan yi sanyi, sai an ƙara masa tashin maimaici. Babbar damarsa ita ce hutun Kirsimeti, idan an tsayar da horo.

Ka shigar da buƙatarka a LeaveWeb, manhajar neman hutu ta rundunar, da wuri, kada ka sayi tikiti sai shugabanka ya amince. In ƙasar waje za ka, akwai ƙarin izini.

Wajen lissafi ake yawan tuntuɓe. Asabar da Lahadin da suka faɗo tsakiyar hutu ana cire su daga kwanakinka. Sannan hutun da ka tara, abin da ya haura kwana 60 a ranar 30 ga Satumba yakan bi ruwa, sai dai in an ba ka izini na musamman.

Ranar dawowa ma a kula da ita sosai. Doka ta wajabta hutun sa'a 12 kafin aikin tashi, babu barasa cikin sa'a 12, wanda kuma ya yi nutso a ruwa da tukunyar iska zai jira sa'a 24 kafin ya tashi. Don haka ka dawo da kwana guda a hannu.