Darasi na 7: Canza Kwanon Rufin Gareji da Hannunka

Lokacin gyaran rufi shi ne rani, kafin hadarin farko ya haɗu. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka, zai hau kwano mai santsi, kuma kafintoci ma sun yi tsada a lokacin. Rufin gareji ya dace da ɗan koyo, domin ba shi da tsawo sosai, kuma yawancinsa gangare ɗaya ne.

Fara duba daga ciki. Shiga garejin da rana tsaka, ka rufe ƙofa, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga haske ya ɓullo, nan ruwa ke bi. Yi wa wurin alama da alli. Sannan ka ɗauki ƙusa ka soki katakan da kwanon ke kai, ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙusar ta nutse ba wuya, ko gari ya zubo, gara ta cinye cikinsa. Kada ka buga sabon kwano a kan irin wannan katako, iskar farkon damina za ta yaye shi gaba ɗaya. Canza shi, ka shafe sabon da maganin gara ko baƙin mai.

Idan rufin na asbestos ne, irin farin nan mai kauri na tsofaffin gidajen ma'aikata, wannan darasi bai shafe shi ba. Ƙurarsa tana cutar da huhu. Kada ka fasa shi ko ka yanka, nemi masu aikin.

Yanzu lissafi. Kwano na gama-gari tsawonsa ƙafa 6 ne, kuma bandir ɗaya falle 20 ne. Amma falle ba ya rufe dukan girmansa, saboda kowanne yana hawa kan ɗan'uwansa. A tsaye, na sama ya hau na ƙasa da inci 6. A gefe, ya hau da tudun kwano ɗaya da rabi, faɗin da ya rage wa kowane falle kusan ƙafa 2 ne. Ke nan rufi mai faɗin ƙafa 12 da gangaren ƙafa 17 zai ci jeri 3, kowane jeri falle 6, jimla 18. Bandir ɗaya ya isa, har biyu su rage. Idan kaɗan za ka canza, yanko guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa. Tudun kwanon wani kamfani ba lallai ya zauna daidai a kan na wani ba, kuma inda bai zauna ba, ruwa zai samu hanya. Mai shara-shara ya fi araha, amma arhar banza ce: da wuri yake tsatsa, kuma yana yagewa a bakin ƙusa.

Ka tanadi ƙusa mai hula da robarta, guduma mai bakin cire ƙusa, almakashin kwano, tef, zare, safar hannu, tsani, da faffaɗan katako guda na takawa. Kwanon alminiyam ƙusar alminiyam yake so, ta ƙarfe tana sa bakin hujin ya ci.

Kafa tsani haka: duk ƙafa 4 na tsawo, gindinsa ya ja baya ƙafa 1 daga bango, kansa kuma ya zarce bakin rufin da kamar ƙafa 3. Wani ya riƙe maka. Dubi inda wayar lantarki ta bi tun kafin ka ɗaga falle ko ɗaya, don kwano ƙarfe ne. A kan rufi, taka layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako yake a ƙasa. Tsakanin layi biyu babu komai sai iska. Ka fara bayan raɓa ta bushe, ka sauka kafin kwano ya yi zafin da hannu ba zai taɓu ba. Ranar da ake iska, bar aikin.

Wajen cire tsohon, sa ɗan katako ƙarƙashin kan guduma, sannan ka banƙaro ƙusar, don kada ka lotsa fallen da ke kusa. Idan falle ɗaya ne ya lalace a tsakiya, sai ka sassauta ƙusoshin na sama da shi da na gefen da ya hau kansa, ka zare shi, ka zura sabon a daidai gurbin. Miƙa tsohon ƙasa hannu da hannu, kada ka jefa. Bakinsa kamar wuƙa yake.

Jerawa daga ƙasa take farawa zuwa sama. Ja zare a bakin rufin, kwanon ya leƙo da inci 2 ko 3 daga katakon baki, don ruwa kada ya bi bango. Fallen farko shi ne jagora. In ya karkace da rabin inci, kafin ka kai na shida bakin rufin ya zama kamar haƙoran zarto. Saboda haka buga masa ƙusa biyu kawai, ka sake aunawa, sannan ka ƙarasa. A ƙasar Hausa hadari ya fi tasowa daga gabas. In gefunan rufin gabas da yamma suke, fara daga yamma ka nufi gabas, yadda bakin kowane haɗi zai ba iska baya.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen ƙusa yake. A kan tudu ake bugawa, ba a cikin kwari ba, domin kwari hanyar ruwa ce. Buga ta a miƙe, ka tsaya da zarar robar ta zauna. In ka ƙara duka, tudun zai lotsa ya zama ɗan kwano mai tara ruwa, yoyon ya dawo a rufi sabo fil. A jerin baki da gefuna, inda iska ke fara kamawa, kowane tudu ya samu ƙusa. A tsakiya kuwa ka riƙa tsallake ɗaya. Ƙusar da ta kuskure katako za ka ji ta shige fuu ba nauyi. Cire ta, ka toshe hujin da ɗan kwalta.

Da ka gama, share ɓarɓashin ƙarfe da guntayen ƙusa daga kan rufin, su ne ke fara jawo tsatsa. Tsince waɗanda suka faɗo ƙasa, saboda tayar mota da ƙafar yara. Sannan wani ya tsaya a kan tsani ya kwarara ruwa bokiti biyu ko uku daga can sama, kai kuma kana ciki kana duban wuraren da ka yi wa alli.