Yadda Ake Ba Masu Ƙananan Sana'o'i Rance Ta Intanet Daga Katsina

Akwai shafukan intanet da ke haɗa mai 'yan kuɗi a hannu da mai ƙaramar sana'a a Kenya ko Pakistan ko Peru wanda ke neman jari, ta yadda mutum yana zaune a Ƙofar Ƙaura ko a Daura zai iya sa hannu a rancen da za a ba shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Kiva, wanda Matt Flannery da Jessica Jackley suka kafa a San Francisco ta Amurka a 2005, kuma mafi ƙarancin abin da aka saba bayarwa a cikinsa dala 25 ne. Akwai kuma Lendwithcare na ƙungiyar CARE reshen Birtaniya, wanda ya fara a 2010. Tunanin da ke bayansu ya samo asali ne daga aikin Muhammad Yunus, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangladesh, abin da daga baya ya zama Bankin Grameen.

Kafin mutum ya taɓa wayarsa, wajibi ne ya san cewa wannan ba hanyar neman riba ba ce. A Kiva da Lendwithcare wanda ya ba da rance ba ya samun ko kwabo a kan abin da ya bayar. Iyakarsa uwar kuɗinsa ta dawo, ita ma ba tare da lamuni ba. Saboda haka kada ya sa jarin shagonsa ko kuɗin makarantar yara, sai dai abin da in ya salwanta ba zai hana shi barci ba. Duk shafin da ya yi alkawarin ninka kuɗi da sunan taimakon talakawa, a guje shi, domin waɗanda suka ga yadda MMM, tsarin nan na alkawarin ninka kuɗi, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ba sa buƙatar ƙarin bayani.

Mataki na farko shi ne hanyar biya, kuma nan ne ɗan Najeriya ya fi shan wahala. Kiva da dala take aiki, tana karɓar kuɗi ta katin banki ko ta PayPal, wato kamfanin aika kuɗi ta intanet. Bankuna da dama sun hana amfani da katin naira a shafukan waje a 2022, wasu kuma sun dawo da shi a 2025 da iyakar abin da za a iya kashewa, don haka a fara zuwa banki a tambayi matsayin katin, ko kuwa a yi amfani da katin asusun dala. A kuma bincika hanyar fitar da kuɗin tun kafin a zuba su, domin ta PayPal Kiva ke mayar wa mutum kuɗinsa, alhali asusun PayPal na Najeriya ya shafe shekaru da yawa yana aikawa kawai ba tare da karɓa ba. Buɗe asusun Kiva kansa ba shi da wuya: suna, adireshin imel da kalmar sirri.

Daga nan sai zaɓen wanda za a ranta wa. Shafin zai nuna hotuna da gajerun labarai, ga mai ɗinki da ke son ƙarin keke, ga manomin da ke neman taki, ana kuma iya tacewa ta ƙasa ko ta sana'a ko ta tsawon lokacin biya. Mutane da yawa ne ke haɗuwa su cika rance guda, kowa da dala 25 ɗinsa. A ra'ayina hoton shi ne abin da ya fi ƙarancin muhimmanci a shafin. Kuɗin ba daga hannun mai bayarwa zuwa hannun mai hoton suke tafiya kai tsaye ba. Suna bi ne ta wata cibiyar ba da ƙananan rance da ke ƙasar, kuma sau da yawa cibiyar ta riga ta ba mutumin kuɗin kafin a sa labarinsa, abin da ake tarawa sai ya maye mata gurbin abin da ta fitar. Wani mai bincike, David Roodman, ya yi rubutu a kan haka a 2009, Kiva kuma ta gyara yadda take bayyana tsarin. Wannan ba ha'inci ba ne, domin manomi ba zai bar damina ta wuce yana jiran baƙi su gama haɗa kuɗi ba, amma yana nuna cewa cibiyar ce abar dubawa.

Kowace cibiya tana da shafinta, wanda ke nuna shekarun da ta yi tana aiki da Kiva, yawan basussukan da suka makara, yawan waɗanda suka nutse gaba ɗaya, da kuma abin da take ɗora wa masu karɓa. A karanta waɗannan a tsanake. Cibiyar da ta daɗe kuma asararta ba ta da yawa ta fi sabuwa mai labarai masu sosa zuciya. Daga Najeriya, kamfanin Babban Gona mai aiki da manoman masara a jihar Kaduna yana cikin waɗanda suka yi hulɗa da Kiva.

Wannan shafin na cibiya shi ne kuma inda Musulmi zai sami amsar tambayar da ta fi damunsa, wato ta kuɗin ruwa. Gaskiya ne mai ba da rancen ba ya cin kuɗin ruwa, amma yawancin cibiyoyin suna ɗora wa masu karɓa ruwa domin biyan ma'aikata da zirga-zirgar ƙauyuka, kuma ruwan kan yi yawa saboda ɗawainiyar bibiyar ƙaramin bashi kusan ɗaya take da ta babba. Wanda ba ya son kuɗinsa su shiga irin wannan ciniki sai ya nemi rancen da aka rubuta cewa babu ruwa a kansa, ko wanda aka gina bisa tsarin Musulunci irin su murabaha, inda cibiya ke sayen kaya ta sayar wa mutum da ribar da aka amince a kai, ya biya daga baya. Cibiyar Akhuwat ta Pakistan, wadda Dakta Amjad Saqib ya kafa a 2001, rance marar ruwa take bayarwa, sau da yawa ma a cikin masallatai ake raba shi, kuma tana aiki da Lendwithcare. Idan abin ya shige wa mutum duhu, ya kai wa malaminsa bayanin cibiyar kamar yadda yake a rubuce. A sani kuma cewa rance ba ya maye gurbin zakka, tunda ita zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi.

Wajen biya, shafin kan ƙara wata 'yar gudummawa ta gudanar da ƙungiyar a kan jimillar. Ba dole ba ce, ana iya rage ta ko a cire. Wanda ke da dala 100 ya fi masa ya raba ta gida huɗu a ƙasashe da cibiyoyi daban-daban, don fari ko rikici a wuri guda kada ya tafi da duka.

Kuɗin sukan dawo kaɗan-kaɗan cikin watanni, sai dai rancen noma wanda galibi sai bayan girbi. Kiva ta ce kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin da aka ranta ta hannunta ana biya. Ko da mai karɓa ya biya cif, faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsa na iya cin wani ɓangare, kuma mutanen Katsina da suka ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 sun san yadda hakan ke faruwa. Kada kuma a ɗauka cewa kowane rance zai fitar da gida daga talauci: bincike shida da aka wallafa tare a 2015, daga Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, sun nuna cewa rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai sauya kuɗin shigar yawancin gidaje sosai ba.

Abin da ya dawo yana taruwa a asusun mutum, ya sake rantawa ko ya fitar. Ya riƙa rubuta ranar bayarwa da adadi da sunan cibiya a littafinsa, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, ya kuma sanar da wani amintacce a gidansa cewa asusun yana nan da yadda ake shigarsa, domin kuɗin da ke cikinsa da waɗanda ke hannun masu rance duk dukiyarsa ce da magada ke da haƙƙi a kanta.