Kurakuran da aka fi yi wajen ciyar da tarwaɗa, da yadda za a gyara su

A kiwon tarwaɗa, abinci ne ke cinye mafi yawan jari, sau da yawa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Don haka ina jin takaici idan na ga mai kiwo ya ɗebo abinci cikin kwano ya watsa wa kifi gaba ɗaya, ya juya ya tafi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada. Abin da kifin bai ci ba yana nutsewa ya ruɓe, ya ƙara sinadarin amoniya a ruwa, ya rage iskar da kifin ke shaƙa. Washegari sai a tarar da su tsaye cirko-cirko a saman ruwa, gemu a waje, mai su kuma ya garzaya neman magani alhali ruwa kawai ya kamata ya canja.

Gyaran yana da sauƙi, sai dai yana son haƙuri. Ka tsaya a wuri guda, a lokaci guda kullum, kana zubawa kaɗan-kaɗan. Muddin suna rububi, ci gaba. Da zarar sun fara ja da baya, ka ɗauke hannu ko da akwai saura a kwano. Abinci mai yawo a saman ruwa ya fi dacewa da sabon shiga, domin da idonka za ka ga abin da aka ci da wanda aka bari. Kuma duk bayan mako biyu ka kamo kaɗan ka auna: kifin da ya tasa yana bukatar kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana, ƙanana kuwa sun fi haka.

Mu a arewa muna da ƙarin matsala, wato hunturu. Tarwaɗa ta fi cin abinci idan ɗumin ruwa ya kai digiri 26 zuwa 30. A Disamba da Janairu, musamman a Jos, ruwa yana yin sanyi har cinta ya ragu sosai. Kada ka ciyar da asuba a wannan lokaci. Jira rana ta ɗaga, ka kuma rage awo.

Sai girman ƙwayar abincin. Ana sayar da ita daga milimita 0.5 har zuwa 6 da sama. Wasu suna gaggawar komawa babbar ƙwaya don ta fi araha, ƙananan kifin su kasa haɗiya, manyan su ƙoshi, daga nan su fara cinye 'yan uwansu. A riƙa tace kifi ana ware manya daga ƙanana, musamman a watanni biyun farko.

Masu haɗa abinci a gida ba su yi laifi ba, buhun kamfani ya yi tsada. Laifin yana wajen cika shi da dusa da garin masara. Tarwaɗa tana son furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, wanda ake samu daga garin kifi, waken suya da ƙuli-ƙuli. Waken suya kuwa dole a soya shi ko a dafa, domin ɗanyensa yana hana kifi narkar da furotin. Ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita, gubar aflatoksin da ke ciki tana lalata hantar kifi. Ni dai ina ba da shawarar a bar ƙanana kan abincin kamfani har su yi ƙwari, sannan a koma na gida.

Hanjin kaji a dafa shi kafin a ba su, mushen kaza kuwa a nisance shi. Buhunan abinci a ɗora su kan katako a ɗaki mai iska, nesa da bango, kuma kada a sayi fiye da abin da zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, balle da damina.