Yadda na ceto tsofaffin sulallana daga koren danƙon roba

Tsofaffin sulallan tagulla da na azurfa da nake adanawa cikin ƙananan aljihunan roba masu laushi sun fara yin wani kore mai danƙo, musamman a kwarmin rubutu da zanen da ke jikinsu. Tushen matsalar shi ne robar kanta, domin irin ta PVC ce, wadda ake zuba wa sinadaran da ke sa ta laushi. Da daɗewa waɗannan sinadarai sukan tsatso su manne a ƙarfe, zafi da danshi kuma su sa robar ta saki asid mai cin fuskar sulai.

Don in tabbatar, na gasa wayar jan ƙarfe, na taɓa robar da ita, na mayar cikin wuta, sai harshen wutar ya koma kore, alamar akwai sinadarin kulorin, wanda ake samu a robar PVC.

Daga nan na jiƙa kowane sulai cikin asiton tsantsa (wani sinadari mai narkar da danƙo, mai saurin kama wuta) a kwanon gilashi, nesa da wuta, a wuri mai iska, ina sauya asiton ɗin har danƙon ya narke, sannan na bar su suka bushe da kansu. Ban goge ko ɗaya ba, domin guga na barin karce mai rage darajar sulai har abada. Inda asid ya riga ya ci kuwa, tabon bai fita ba.

Yanzu suna cikin aljihunan Mylar (wata irin roba da ba PVC ba), waɗanda sun fi tauri kuma sukan tsage wajen naɗewa, amma ba sa tsatso komai, tare da ƙunshin silika mai shanye danshi.