Tai Chi a Fagen Faɗa: Kurakuran da Ke Jawo Shan Duka

A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, Xu Xiaodong, ɗan damben zamani mai haɗa naushi da kokawa, ya kara da Wei Lei, mai kiran kansa malamin tai chi, wato fasahar faɗa ta Sinawa da aka fi sani da jeren motsi na sannu-sannu. Ko rabin minti ba a yi ba Wei yana ƙasa, ya rufe kai da hannuwa, naushi na sauka a kansa. Mutane suka ce ashe tai chi rawar tsofaffi ce. Ni dai a ganina ba fasahar ce ta sha kaye ba, yadda ake koyon ta ne.

Babban kuskure shi ne ɗaukar jeren motsin nan na sannu-sannu a matsayin faɗan kansa. A ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, inda ake danganta asalin fasahar da Chen Wangting, tsohon sojan ƙarni na 17, har yau akwai jere mai tsalle da buga ƙafa da naushi mai fashewa. Malamin tai chi Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, da faɗa ya yi suna a Beijing. Jikansa Yang Chengfu ne ya faɗaɗa motsin ya daidaita shi, sannan a 1956 hukumar wasanni ta Sin ta fitar da gajeren jere mai motsi 24 don lafiyar jama'a. Wannan shi ne abin da aka fi gani a wuraren shaƙatawa. Yana gyara tsayuwa da numfashi, amma bai taɓa koya wa kowa yadda ake karɓar naushi ba. Gyaran shi ne ka ciro motsi guda, ka samu abokin atisaye ya kawo maka harin da motsin ke amsawa, a hankali da farko, sai a ƙara sauri, daga baya ya riƙa kawowa ba tare da ya faɗa maka ta ina ba. Motsin da ya rushe a wannan mataki, ba ka iya shi ba tukuna.

Sai batun tazara, wanda a nan aka fi shan wuya. Daga cikin dabarun tai chi takwas na asali akwai fizga, da karkatarwa, da bugun gwiwar hannu, da bangaza da kafaɗa. Duk aikin kusa ne. Wanda ya saba kallon kokawar gargajiya zai gane abin nan take: ana neman inda nauyin mutum ya rataya ne a zare masa ƙafa. Amma sai ka ga ɗalibi ya tsaya nesa, ya baje hannuwa, haɓa a sama, yana jiran a miƙo masa hannu ya manne. Mai dambe ba ya barin hannunsa a waje; yana bugawa ya janye. Dole ka koyi shiga: hannu a kusa da fuska, haɓa a ƙasa, taku a karkace, har ƙirji ya kusa haɗuwa da ƙirji. Ba a koyon wannan sai da safar dambe da abin kare haƙora. Shi ya sa makarantu da dama a Sin ke haɗa tai chi da sanda, wato damben da ake naushi da shuri da kayarwa.

Atisayen tura hannu, da Sinawa ke kira tuishou, shi ne zuciyar fasahar, domin a nan fata ke koyon jin inda ƙarfin abokin karawa ya dosa. Yana lalacewa idan ya zama gaisuwa, kowa na juya hannu cikin ladabi, ɗalibi kuma na faɗuwa da kansa don kada malam ya ji kunya. A fara da ƙafa a kafe, amma kada a daɗe a nan. A bari a yi taku, a riƙe, a ja. Ka nemi wanda ya fi ka nauyi, da wanda bai san dokokin ajinku ba, musamman ɗan kokawa.

Laushin jiki da ake koyarwa a tai chi ma an yi masa mummunar fahimta. Ba a ce jiki ya saki kamar na mai zazzaɓi ba. Kafaɗa ce ke sauka, gwiwar hannu ta nutse, amma hannun na nan da ƙwarinsa, ba ya lanƙwashewa ya manne a ƙirji idan an danna. Ƙarfin kuma daga ƙafa yake tasowa, ƙugu ya ba shi alƙibla, hannu ya isar. Idan damtsenka ne ya fara gajiya, da hannu kawai kake turi. Ka duba kuma kada gwiwar ƙafa ta karkata ciki. Ta bi inda yatsun suka fuskanta, in ba haka ba ciwo na tafe.

Bidiyon malaman da ke jefar da almajirai ba tare da sun taɓa su ba kuwa, kada ka ɓata datarka.

Saura numfashi. Minti biyu na karawa ta gaske sun isa su ƙarar da wanda bai saba ba, don haka gudu, da dukan buhu, da koyon faɗuwa ba tare da dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba, duk su shiga jadawalin mako. Idan kuwa wuƙa ta fito a titi, babu dabarar da ta kai ƙafa: ka ba da wayar, ka nemi hanya.